Teku ya ci Kedzi, kwallayen Inna sun dawo Tawa

Katin ɗan ƙasa da ke cikin jakata ya ce a Tawa aka haife ni, wajen 1955. Shekarar ba ni da ja a kanta, tunda ba wanda ya rubuta ranar. Garin ne ba haka ba. Baffana ne ya tsaya mana lokacin da ake yin takardun haihuwa, da aka tambaye shi inda aka haifi yarinya sai ya ce nan unguwar Bilbis, don ya san in ya ambaci wata ƙasa zance zai yi tsawo. Allah ya jiƙansa, da kyakkyawar niyya ya yi. Amma ni a Kedzi aka binne cibiyata, wani ƙauyen masunta a bakin tekun Gana, gabas da garin Keta, kan hanyar da ke zuwa Aflao da Lome. Jikata ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubutawa. Ita ta matsa mini, wai ta gaji da jin labarin guntu-guntu.

Baba Ba'adare ne gaba da baya. A zamaninsu da an gama ɗaurin hatsi an sa a rumbu, samari sai su ɗaura ƴan tsummokaransu su kama hanyar kurmi, tafiya bida, yawancinta a ƙafa. Shi Kumasi ya fara sauka, ya yi dako a kasuwa, daga baya ya shiga yaron wani fatake mai sayen gishiri da busasshen kifi, shi ya kai shi Keta. Da ya sami ɗan jarinsa ya dawo gida ya auri Inna, ya kuma yi abin da Adarawa ba su cika yi ba har gobe: ya tafi da matarsa. Dangi sun yi ta surutu. Al'adarmu ita ce namiji ya tafi, mace ta zauna da uwar miji tana jiran saƙo.

Wanda bai taɓa barin Adar ba da wuya ya gane yadda wurin yake. Ƙasa ce ta rairayi zalla, doguwa, siririya, ta miƙe tun daga bakin kogin Volta har iyakar Togo. Kudu teku, arewa tabkin Keta, wanda duk Gana babu tabkin gishiri mai girmansa. Garuruwa sun jeru a kanta wannan na bin wannan: Anloga inda babban sarkin mutanen Anlo yake, Woe, Tegbi, Dzelukope, Keta, Vodza, mu a Kedzi, sai Blekusu, Adina, Denu. Hanyar mota guda ce ta ratsa su duka. A wajenmu ƙasar ta fi tsukewa, in ka tsaya bakin hanya ka duba dama ka ga ruwa, ka duba hagu ka ga ruwa. Inna takan ce mu harshe ne a tsakanin haƙora.

Ɗaki biyu Baba ya kama haya a gidan wani tsoho mai jirgi da taru. Togbi muke ce masa, yadda ake kiran kowane dattijo a can, matar ɗansa kuma Davi. Iyali Bahaushe da ke kwana a ƙauyen mu kaɗai ne, sauran fatake zuwa suke su saya su koma. Ranar Juma'a Baba ya sa babbar riga ya tafi masallacin zangon Keta, in an yi sallah kuma duk gidan muke tafiya mu kwana biyu can. Tsofaffin zangon suna cewa kakanninsu wasu fatake ne, wasu kuma sojan Hausa ne da Ingilishi suka ajiye a garin bayan yaƙin 1874.

Abin da na fara wayo na gani shi ne jan taru. Tun duhun asuba za a tura jirgi cikin ruwa, mutum goma sha wani abu suna tuƙi, kuma wucewa ta inda igiyar ruwa ke karyewa ita ce wuyar aikin, sau da yawa jirgi ya kife a dawo a sake. Kafin su tashi sun bar bakin igiya ɗaya a tudu an ɗaure a gindin kwakwa. Su yi nisa har su zama ɗigo, suna zuba taru suna zagayowa, su fito can gaba da ɗaya bakin igiyar. Daga nan sai ja. Layi biyu, maza da samari da duk wanda ya ga dama, kowa ya kama igiya ya jingina baya, ƙafa na nutsewa cikin rairayi. Wani na kaɗa ƙarfe, wani na ba da waƙa ana amsawa, da kowace amsa a ja taki ɗaya. Wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Haka za a yi ta yi har hantsi ya dubi ludayi, layukan biyu na matsowa kusa da juna, sannan jakar tarun ta fito tana motsi. Wata rana ta fito maƙil har sai an shiga ruwa an tallabo ta. Wata rana kuma ciyawar teku ce da ƴan kifi da ba su cika kwando biyu ba, mutum arba'in sun sha wuya a banza, ba mai cewa uffan, a naɗe igiya a watse.

Duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabo, ko yaro ne. Ni ma nakan kama can ƙarshe inda ba nauyi, a zuba mini ƴan ƙanana a gefen zane. A wannan bakin ruwa Inna ta sami sana'arta. Takan tashi tun kafin kiran assalatu, ko da yake ba ladani a garin, Baba ne ke kiran sallarsa shi kaɗai a tsakar gida, ta dama koko ta soya ƙosai, mu ɗauka zuwa gindin kwakwa. Masu ja ba su da kuɗi a jiki da safe, saboda haka bashi suke sha, in taru ya fito su biya da kifi. Inna ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa iya harshensu sosai ba, amma ba ludayi ɗaya da ya taɓa ɓace mata. Kifin sai ta miƙa wa Davi ta yi banda a murhunta na laka, da ɓawon kwakwa da itacen da ake kawowa daga Anyanui, su raba riba. Ƙananan kuwa a rairayi ake shanya su, su ne waɗanda duk Gana ke yi wa laƙabi da ƴan makarantar Keta. Idona har yau yana ruwa in na shiga hayaƙi, tun daga murhun Davi ne.

Da ribar nan Inna ta riƙa sayen kwalla. Kasuwar Keta kwana huɗu-huɗu take ci, kuma in ciniki ya yi kyau takan dawo da kwalla ɗaya, ko langa, ko samira mai fure, ta goge ta jera a ƙuryar ɗaki. Ba a ci a ciki, ba a taɓawa. In na kai hannu ta buge, ta ce, "Naki ne, amma ba yau ba." Kayan ɗakina take tarawa tun ban san mene ne aure ba.

Baba shi gishiri ne harkarsa. In hunturu ya kama, ruwan tabki ya ja baya, gefensa ya bushe ya yi fari fat har ido ba ya iya kallo da rana. Mata su shiga da kwanduna da tasoshi suna kankarewa suna tarawa, gishirin na yanka ƙafa, kowace ta ɗaure tafinta da tsumma. A tara shi tsibi-tsibi a tudu a rufe da ciyawa da ganyen kwakwa. Shekarar da aka yi ruwa da yawa tabki ba ya bushewa, gishiri ba ya fita, kuɗinsa ya tashi. Dabarar Baba ke nan: ya saya da araha a shekarar fari, ya rufe, ya jira shekarar ruwa. Yakan yi dariya ya ce a gida ana jiran ayarin Bilma wata da watanni kafin a ga kantu, nan ga shi Allah ya shimfiɗa a ƙasa ana takawa.

Ruwan sha ma haka. Duk da gishiri ya kewaye mu ta ko'ina, in aka haƙa rairayi gaba ɗaya ko biyu sai a tarar da ruwa mai daɗi. Yaro ma yana ɗiba da ɗan guntun igiya. Da irin waɗannan ƴan rijiyoyi mutanen Anloga ke ban-ruwan albasarsu, wata ƴar ƙarama mai zafi, a kan fangali na rairayi da suke zuba wa takin kifi da kashin jemage. Ban san wannan abin mamaki ba ne sai da na ga rijiyar Adar.

Togbi makaho ne a lokacin da na san shi, aikinsa gyaran taru da lalube, da kuma labari. Ni na iya harshensu kamar ƴar gida, don haka nakan zauna da jikokinsa. Daga bakinsa na ji yadda kakanninsu suka gudo daga Notsie, a ƙasar Togo ta yau, daga hannun wani azzalumin sarki Agokoli: mata suka riƙa zuba ruwan wanki a wuri ɗaya na ganuwa har ta jiƙe, aka fasa da dare, aka fita ana tafiya da baya da baya don sawu ya nuna shiga aka yi ba fita ba. Wannan fita ce suke tunawa a bikin Hogbetsotso, Asabar ta farko a watan Nuwamba, a Anloga. Baba ba ya barinmu zuwa, amma kiɗan agbadza ba ya neman izinin kowa, har ɗaki yake iske mu, kuma in ba ya nan ni da ƴar Davi mukan karya kafaɗa a bayan gida yadda manya ke yi.

Sai labarin tsohon gidan Turawa na Keta, mai kaurin bango, wanda mutanen Denmak suka gina a 1784 suka sa masa suna Prinzenstein. A ciki ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ingilishi suka saye shi a 1850, daga baya ya zama gidan kaso, kuma a haka na san shi, da fursunoni suna sharar bakin hanya. Togbi ba ya son wucewa ta wurin ko da ana jansa. Ya ce lokacin ƙuruciyarsa tsakanin gidan nan da ruwa akwai tituna da kantunan Turawa da gonakin kwakwa, sai mutum ya yi tafiya kafin ya jiƙa ƙafa. Tun farkon shekarun 1900 teku ya fara gutsura. Kwakwar kuma wata cuta ce ta fara bi tun 1932 daga wajen Woe, inda doguwar fitilar nan ta jiragen ruwa take, kan bishiya ya bushe ya faɗi a bar gungume tsaye. Ni kaina na riski ƙarshen zamanin da manyan jirage ke tsayawa can nesa da Keta, ƙananan jirage na tuƙi su je su kwaso kaya. Da aka buɗe tashar Tema a 1962 suka daina zuwa, kantuna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wato garin ya soma mutuwa tun muna ciki, mu yara ba mu sani ba.

A 1963 ba teku ne ya fara cinmu ba, tabki ne. An yi ruwan sama mai yawa, koguna suka cika shi, ya hau gidaje ta baya. Har hukuma ta zo ta yanka rairayi a nan Kedzi don ruwan ya zube cikin teku. A cikin wannan hali ƙanena ya kamu da ƙyanda, yana shekara biyu da ƴan watanni. Hanyar Keta ruwa ya shafe, ba likita, ba zango. Da ya cika, Togbi ya sa aka ja shi har bayan gari, ya buga sandarsa a wani tudu cikin gonar kwakwarsa ya ce da Baba, "Nan ƙasar ubana ce, sa ɗanka." Baba da wasu fatake biyu da ruwa ya tsare a garin su suka yi masa sallah. Davi ce ta zauna da Inna kwana bakwai, ba mai jin maganar wata sosai, ta dafa mata akple da miyar kuɓewa ta tsare ta sai ta ci.

Shekarun da suka biyo ba ni da abin faɗa da yawa. An sa ni makarantar garin na yi aji huɗu, da yamma Baba ya biya mini allo. A 1965 aka canja kuɗi, sule da sisi suka tafi sidi ya zo, Inna ta yi wata guda tana zagin sabon kuɗi. A 1966 soja suka tumɓuke Nkrumah muka ji a rediyon Togbi. A 1968 aka sake yin ruwa, gishiri bai fita ba, tsibin Baba ya zama dukiya. Ya ƙi sayarwa, yana jiran kuɗin ya ƙara tashi, da niyyar ya kai Inna gida ta ga dangi.

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita ƙasar cikin sati biyu. Wace takarda? Baba ya shigo tun ana ce wa ƙasar Gwalkwas, ba wanda ya tambaye shi komai. Ni da yayana da ƙanwata a nan aka haife mu, wannan ma bai hana ba. Zango ya rikice. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna gina gida suka sayar da shi kuɗin akuya. Togbi ya aiko a gaya wa Baba ya zauna, zai ce ɗansa ne, ba mai taɓa shi a Kedzi. Baba ya je ya durƙusa ya yi godiya, ya ce baƙo raɓa ne, kuma ba zai jawo wa tsoho fitina da ƴan sanda ba. Gishirin da ya yi shekara yana tattali, wani ɗan kasuwa da ya san ba mu da lokaci ya saye shi ƙasa da yadda Baba ya saya.

An ce kowa abin da zai iya ɗauka a ka kawai. Daren da za mu tashi Inna ta sauke jerenta duka, ta wanke, ta sa ƙarama cikin babba, ta ɗaure a tsofaffin zannuwa ɗauri uku. Ni na riƙe fitila muka kai ɗakin Davi. Inna ta ce da ni, "Gaya mata ajiya ce. Gaya mata na yarinyar nan ne, in ƙura ta lafa za mu aiko." Na faɗa. Davi ta ƙirga su ɗaya-ɗaya a gabanmu, goma sha ɗaya, ta tura ƙarƙashin gado. Ba wadda ta yi kuka a cikinsu sai da gari ya waye.

Hanya ba na son tuna ta. Mun kwana a rairayin Aflao cikin dubban mutane kafin a bar mu mu wuce, yawancinsu Yarabawa masu komawa Najeriya da yaƙi bai ƙare ba tukuna. Lome, Kwatano, jirgin ƙasa zuwa Paraku, kamyo zuwa Malanbil, muka haye gada muka shiga Gaya. Daga nan Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, ƙasa na ƙara ja, itace na ƙara gajarta, leɓena ya tsage saboda hunturun da ban saba da irinsa ba.

Dangi sun karɓe mu, ba zan ci amanarsu ba. Amma ranar farko da aka aike ni rijiya na leƙa ban ga ruwa ba, sai duhu, aka miƙo mini igiyar da ban iya ɗaga naɗinta ba, ƴan mata suka yi ta dariya. Fura ta ƙi zama mini a ciki. Da na ba gwaggona labarin muna cin ƙaguwa da jatan lande sai ta tofar da yawu ta ce ashe ƙwari aka ciyar da mu, ta tafi wajen malam ta tambaya ko sai an yi mana wanka. Malam ya ce abin da ya fito daga teku halal ne, ba ta gamsu ba har ta mutu. Makaranta kuwa ta ƙare daga nan, lakwal da Faransanci ake yi, ni kuma na yi girma da komawa aji ɗaya. Ƴar Gana suka sa mini, har yau tsofaffin unguwa da shi suke kirana.

Ƙura ba ta lafa ba. Baba ya koma noma da hannun da ya manta hauya, sai ga farin 1973. Dabbobi suka mutu, Buzaye da Fulani suka cika bakin gari ba ko akuya, ana layin jar dawa ta taimako. A wannan shekara aka yi mini aure, da tabarma da tukunya da ƙwarya huɗu. Ba wanda ya yi gori, kowa ta kansa yake. Amma Inna abin ya tsaya mata. Ranar da za a kai ni ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, kina da ɗaki, yana can ƙarƙashin gadon mutane." Baba bai ga damina biyu bayan nan ba.

Labarin Kedzi ya riƙa iso mu jefi-jefi ta bakin masu zuwa bida. Wani ya ce teku ya ci rabin kasuwar Keta. Wani ya ce a 1980 ya fasa gidan Turawan nan ya tafi da sashe guda. Wani ya ce hanyar mota ta yanke, daga Keta zuwa wajenmu sai a jirgi ta tabki. Duk wanda ya zo Inna tambaya ɗaya take masa, ko ya ga wata gonar kwakwa a bayan gari mai tudu a tsakiya. Ba wanda ya san abin da take nufi. Ta rasu shekaru kaɗan bayan rasuwar shugaba Kunce, ba ta koma ba. Daga baya ɗana, wanda ke kai albasa Akra, ya bayyana mini abin da masana ke faɗa: rairayin da ke ciyar da wannan gaɓa kogin Volta ne ke kawo shi, igiyar ruwa ta tura shi gabas. Da aka datse kogin a Akosombo a 1965 don wutar lantarki, rairayin ya riƙa kwantawa bayan madatsa, teku kuwa bai fasa ɗiba ba. Ciwon ya girmi madatsar, Togbi shaida ne, amma ita ta ƙara masa gudu. Sai wajen 2000 aka fara babban aikin tare teku, a ƙarshen mulkin Rawlings, wanda mahaifiyarsa ƴar wannan yanki ce, aka gama a 2004. Aka jibge manyan duwatsu, aka yi harsuna na dutse masu shiga cikin ruwa, aka cike wani sashe na tabki da yashi aka yi sabuwar hanya da sababbin gidaje.

A 2008 ɗan nan nawa ya ce in shirya. Muka bi ta Kwatano da Lome, hanyar da muka fito, amma a bas mai sanyi. Da muka sauka aka ce nan ne Kedzi, na ce da direba bai ji ni da kyau ba. Gidaje ne na bulo iri ɗaya a jere, a fili fetal, ba inuwa. Harshen da na yi zaton ya mutu a bakina sai ga shi yana fitowa da kansa, guntu-guntu, har matan da ke banda suka bar murhu suka kewaye ni suna mamakin Hajiya mai lulluɓi tana gaisuwar Anlo irin ta tsofaffi. Na ambaci gidan Togbi, na ce ni ɗiyar mai koko ce. Wata tsohuwa ta dafe kai, ta tura yaro da gudu.

Ƙawata, ƴar Davi, ta zo tana ɗingishi, ba haƙori a gaba, ni ma ta ga abin da shekaru suka yi da ni. Davi ta daɗe da rasuwa. Bayan an ci an sha na ce ta kai ni tsohon gari. Muka hau kan duwatsun, ta miƙa hannu can cikin ruwa, bayan inda igiya ke karyewa, ta ce gidanmu wajen can ne. Wani tsoho da ya biyo mu ya ce a'a, ya fi nan nisa, kuma ya fi karkata gabas. Suka kama gardama sosai, kowa na rantsuwa, suna aunawa da inda coci take da inda makaranta take, alhali cocin da makarantar duk suna ƙarƙashin ruwan. Na tambayi gonar kwakwa. Nan ba su yi gardama ba, suka ce ita ta fara tafiya, da kaburburan nasu iyayen duka. Na yi wa ƙanena addu'a daga inda nake tsaye, ɗana ya shafa, su ma suka sunkuyar da kai.

Da dare ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Ni wallahi ban tambaya ba, ban ma zo da tunanin akwai sauran wani abu ba. Kwalla huɗu, fentin ya ɓare a baki, tsatsa ta ci gindin biyu, amma furannin na nan. Ta zauna ta ba ni lissafi dalla-dalla. Sau uku teku na tashinsu, kowane tashi Davi ɗaurin nan take fara fitarwa kafin nata kaya. Biyu ruwa ya tafi da su a wani dare da ya shigo musu ɗaki. Biyar Davi ta sayar a 1983, shekarar yunwar Gana, lokacin da Najeriya ta koro mutanensu, ɗanta ya dawo daga Legas da jaka ɗaya da mata da ƴaƴa uku. "Dada ta ce in kun zo in gaya muku ba sata ta yi ba, bashi ta ci," in ji ta, Dada take ce wa uwarta. "Ta ce in biya." Na ce Inna ta yafe, ni ma na yafe. Ta ce ba ni na ba da ajiya ba, ba kuma ita ta karɓa ba, saboda haka ba mu da ikon yafewa. Washegari na tarar an ɗaure mini kwandon banda da rabin buhun gishiri, aka ɗora a mota ina ƙi ana turawa. A kan iyaka wani ma'aikaci ya buɗe buhun kwallayen ya dube ni ya dubi ɗana, ya tambaya ko a ƙasarmu ba a sayar da kwano.

Tun daga nan muna gaisawa ta waya, jikanta ke haɗa mu. A Nuwamban 2021 teku ya sake haurowa da dare ya shiga garuruwan gabas da su, Agavedzi da Salakope da Adina, inda duwatsun ba su kai ba, dubban mutane suka kwana a waje. Ta ce su ruwa ya tsaya musu a bakin ƙofa.

Kwallayen kuwa da na iso Tawa na yi zaton nawa ne, tunda da bakinta Inna ta faɗa, har sau nawa. Yayana ya ce a tambayi malam. Malam ya saurara ya ce kyautar da ba a damƙa a hannu ba har mai ita ya rasu ba ta cika ba, ta koma gado. Mu uku ne, namiji ɗaya mata biyu, kwalla huɗu, ko alƙalami bai ɗauka ba: Yaya biyu, ni ɗaya, ƙanwata ɗaya. Ƙanwata ta ce ita ba ta ma tuna Kedzi, ta bar mini tata. Na Yaya kuwa da na je gidan bayan wata biyu na iske matarsa na jiƙa wa awaki dusa a cikin babbar. Mun yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu da ita. Da sallar layya ta aiko yaro da kason nama a cikin ƙaramar, ta ce kada a maido kwanon. Murfin dai har yanzu ba ta aiko ba, ta ce wai ba ta san inda yara suka kai shi ba.